Hoton Aikin Ƙwaƙwalwa: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu Na Ƙasar Birnin Gwari

A kowace gunduma a kan sami mutum ɗaya ko biyu waɗanda ciwonsu ya gagari ɗakin shan magani na ƙauye, ya kuma gagari masu maganin gargajiya. Ga magidanci lafiyayye, ya haura shekara 40 bai taɓa faɗuwa ba, rana ɗaya sai farfaɗiya ta buge shi a gona. Ga mace ta yi wata uku tana tashi da ciwon kai da amai kowace asuba, yanzu kuma ganinta ya soma dushewa. Ga malami mai almajirai, kalmomi sun fara ɓace masa, ya dubi buta ya san aikinta, amma sunanta ya ƙi zuwa bakinsa. Sau da yawa labarin irin waɗannan mutane ya kan iso ƙofar hakimi kafin ya kai kunnen likita, domin wurinsa a ke zuwa neman takarda, ko mota, ko gudummawa. Saboda haka aka shirya wannan bayani, don hakimai da dagatai da malamansu su san abin da a ke yi wa mutum idan an tura shi babban asibiti, su kuma san nasu rabon aikin.

Tun da fari a sani, mafi yawan ciwon kai ba shi da wata alaƙa da ƙari, farfaɗiya kuma tana da dalilai da dama, kamar tsohon rauni a kai ko zazzaɓi mai taɓa ƙwaƙwalwa. Shanyewar ɓarin jiki da ta auko farat ɗaya ita ma yawanci daga jijiyoyin jini ta ke. Abin da ke sa likita ya yi zaton ƙari shi ne ciwo mai tafiya sannu a hankali, kullum gaba ya ke yi, mako bayan mako.

Ƙari A Cikin Kai

Ƙoƙon kan babban mutum akwati ne rufaffe, ba ya buɗawa. Duk abin da ya tsiro a cikinsa, kome ƙanƙantarsa, sai ya matsa wa ƙwaƙwalwa. Wani ƙarin daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa ya ke fitowa, ya zauna a gefe yana ture ta. Irin wannan galibi ba ya yaɗuwa, kuma sau da yawa a kan ciro shi ɗungum. Wani kuwa daga cikin naman ƙwaƙwalwar kanta ya ke tasowa, ya kutsa cikinta kamar yadda ƙuduji ke kama saiwar dawa, har ba a iya cewa ga inda cuta ta tsaya, ga inda lafiya ta fara. A kan wannan na biyu ne likitan fiɗa ke shiga tsaka mai wuya. In ya yi ƙasa-ƙasa da hannu ya bar da yawa, ƙarin ya dawo da wuri. In kuwa ya zarce da ɗan abin da bai kai faɗin farce ba, mai yiwuwa mutumin ya farka ba baki, ko ba hannu, har iyakar ransa.

Kowane Aiki Da Mazauninsa

Dalilin haka shi ne, ayyukan ƙwaƙwalwa a rarrabe su ke, kowanne da unguwarsa. A 1861 wani likita a birnin Paris na ƙasar Faransa, Paul Broca, ya duba wani majinyaci wanda ya yi shekaru yana fahimtar abin da a ke faɗa masa, amma ba abin da ke fita bakinsa sai “tan”. Bayan rasuwarsa aka buɗe kansa, aka tarar da lahani a gaban ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. A 1874 Carl Wernicke, Bajamushe, ya nuna wani wuri a baya kaɗan, wajen saman kunne, wanda in ya lalace mutum ya kan yi ta zuba magana marar kan gado, shi kuma ba ya gane ta wani. An kuma tabbatar cewa ɓangaren hagu ke mulkin jikin dama, na dama kuma ke mulkin jikin hagu. Mazaunin motsi wani ɗan siririn layi ne da ya gangaro daga tsakiyar kai zuwa wajen kunne: ƙafa a sama, sa'an nan hannu, sa'an nan fuska da harshe. Gani kuwa a ƙeya ya ke.

Da wannan ilmi kaɗai aka soma fiɗa. A watan Nuwamba na 1884, a London, likita Hughes Bennett ya dubi yadda hannun hagu na wani saurayi ke fizga yana mutuwa, ya ce ga inda ƙarin ya ke, Rickman Godlee ya buɗe wurin, aka kuwa same shi. Saurayin ya rasu bayan kamar wata guda saboda raunin ya ruɓa, amma an ga hanya.

Sai dai akwai abin da ya rage. Mazaunan nan ba su zama daidai wa daida a kan kowa, musamman na magana. Ƙari kuma ya kan ture su daga inda aka san su, wani lokaci ma, in ya daɗe yana girma, aikin ya kan ƙaura zuwa maƙwabta. Watau taswirar da ke cikin littafi ba ta isa ba. Kowane majinyaci sai an zana tasa.

Hoton Siffa Da Hoton Aiki

Hoton ƙashi da aka saba da shi, wanda aka gano a 1895, ƙoƙon kai ya ke nunawa, ba ya nuna abin da ke ciki sosai. A 1971 aka fara ɗaukar majinyaci da injin da a ke kira CT, a wani asibiti a London, kuma abin da aka fara gani da shi tsiro ne a gaban ƙwaƙwalwar wata mata. Bayansa sai hoton maganaɗisu, watau mayen ƙarfe, wanda malami zai gani an rubuta MRI a takardar likita. Waɗannan biyu suna nuna girman ƙari, da siffarsa, da inda ya zauna.

Mutanen Birnin Gwari ba su bukatar dogon bayani game da bambancin siffa da aiki. Tun 1936 aka shata dajin Kamuku ya zama gandun daji na En'e, a 1999 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, kuma akwai taswirarsa da ta nuna iyaka da duwatsu da rafuka. Amma taswirar ba ta gaya wa kowa wace hanya a ke bi a bana, ko a wace ruga a ke kwana. Mai son ya san wannan sai ya hau dutse da sassafe ya duba inda hayaƙi ke tashi. To, hoton aikin ƙwaƙwalwa, wanda a ke rubutawa fMRI, hayaƙin ya ke dubawa.

Ga yadda abin ya ke. Nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kamar kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da mutum ke shaƙa, kuma ba ta da rumbun ajiya. Duk unguwar da ta kama aiki, nan da nan jijiyoyin jini na wurin su kan buɗe, sabon jini mai ɗauke da oksijin ya kwararo fiye ma da bukata. Tun a 1936 Linus Pauling da Charles Coryell suka gano cewa jinin da ya sauke oksijin ɗinsa yana amsa wa maganaɗisu, wanda ke ɗauke da shi kuwa ba ya amsawa haka. A 1990 Seiji Ogawa, wani masani ɗan ƙasar Japan da ke aiki a Amurka, ya nuna cewa injin MRI na iya ganin wannan bambanci, kafin ƙarshen 1992 kuwa har an gwada a kan mutane. Injin dai jini ya ke gani. Ba ya ganin tunani, ba ya karanta abin da ke zuciyar mutum, ya kamata a kwantar wa talakawa da hankali game da wannan. Kamar yadda hayaƙi ke biyo bayan wuta, haka jinin ke makara da daƙiƙa 4 zuwa 6 bayan aikin ya fara.

A kan kwantar da majinyaci bisa wani gado mai shiga cikin rami kamar bakin rijiya a kwance, a tallafe kansa don kada ya motsa, a toshe masa kunne saboda injin na da ƙara ƙwarai. Ba yanka, ba zafi. Sai a ce masa ya yi ta taɓa yatsunsa da babban yatsa na kamar daƙiƙa 20 ko 30, ya huta kamar haka, ya sake, ya huta, sau da dama. Don neman mazaunin magana, a kan nuna masa abu ko a faɗa masa sunansa, shi kuma ya kawo aikin abin a zuci ba tare da ya motsa baki ba: in an ce fartanya ya ce noma, in an ce allura ya ce ɗinki. Ko a karanta masa labari ya saurara. Bambancin da ke tsakanin lokacin aiki da na hutu ɗan kaɗan ne, 'yan kaso cikin 100, don haka sai kwamfuta ta tattara ta auna, sa'an nan ta ɗiga launi ja ko rawaya bisa hoton a wuraren da suka motsa. Duka-duka a kan gama cikin rabin sa'a zuwa sa'a guda.

Akwai kuma wani hoto da a kan haɗa da shi, wanda aka ƙago a 1994, mai nuna damman jijiyoyin da ke can ciki, masu kai saƙo daga wannan unguwa zuwa waccan, da kuma zuwa ga jiki. Muhimmancinsa ba ƙarami ba ne. Wanda ya zauna a Birnin Gwari cikin shekarun da 'yan bindiga suka addabi hanyar Kaduna da ta Funtuwa, kafin sulhun da ya kai ga sake buɗe kasuwar kara a watan Nuwamba na 2024, ya san cewa gari na iya zama a tsaye, gidajensa lafiya lau, amma in an datse hanyarsa kome ya tsaya. Haka mazaunin hannu: ko ba a taɓa shi ba, in wuƙa ta yanke jijiyar da ta fito daga gare shi, hannu ya mutu.

Da waɗannan hotuna a gabansa likita ya kan yanke shawara uku: ko aikin zai yiwu, ta wace kusurwa zai shiga, da kuma iyakar inda zai tsaya. Da su ne kuma ya ke zama da dangi ya gaya musu gaskiyar hatsarin da ke ciki.

Inda Hoton Ya Kan Gaza

Kada a ɗauka cewa launin nan ba ya kuskure. In majinyaci ya motsa kai, ko bai gane abin da aka umurce shi ba, hoto ya ɓaci. Wani lokaci ƙari ya kan ɓata jijiyoyin jini na kewayensa, har wuri ya yi aiki amma jini bai ƙaru ba, sai a ga kamar kango ne alhali da mutane a ciki. Wannan shi ne kuskure mafi hatsari. Haka nan ba duk wurin da ya haska ba ne wanda ba a iya rayuwa sai da shi. An fi amincewa da hoton wajen gano mazaunin hannu da ƙafa, da kuma sanin ɓangaren da magana ta ke, hagu ko dama. Wajen shata ainihin iyakar mazaunin magana kuwa, rauninsa sananne ne ga masu aiki da shi.

Saboda haka idan ƙari ya kusanci mazaunin magana, a kan koma ga wata dabara wadda ta girmi duk injunan nan, wadda Wilder Penfield ya inganta a birnin Montreal na Kanada tun wajen 1934. Ƙwaƙwalwa ita kanta ba ta jin zafi. A kan kashe fatar kai da allura, a buɗe, sa'an nan a bar majinyaci a farke yana ƙirga ko yana faɗin sunayen hotuna. Likita ya ɗora wani ɗan tsinke mai raunin lantarki bisa wuri na 'yan daƙiƙoƙi. In magana ta tsaya cik, sai a ajiye 'yar takarda mai lamba a wurin, ba a taɓa shi. A 2020, a asibitin King's College na London, wata mata mai kaɗa gogen Turawa ta yi ta kiɗanta ana cire mata ƙari, don a tsare mata yatsun hannun hagu. Wani nazari da aka buga a 2012, wanda ya tattara labarin majinyata fiye da 8,000, ya nuna cewa inda aka yi wannan gwaji kamar mutum 3 cikin 100 ne suka sami mummunan lahani mai dorewa, inda ba a yi ba kuwa kamar 8, kuma an fi samun cire ƙarin gaba ɗaya. Hoton aiki ke nuna inda za a nema, gwajin lantarki ke tabbatarwa.

Halin Da A Ke Ciki A Nijeriya

Farfesa Latunde Odeku ne ya kafa sashen fiɗar ƙwaƙwalwa na farko a Nijeriya, a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1962, a can ne kuma aka kafa injin CT na farko a 1987. A Arewa yanzu ana yin wannan fiɗa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, da na Malam Aminu Kano a Kano, da Asibitin Ƙasa na Abuja, da kuma cibiyar da Farfesa Bello Bala Shehu ya jagoranci kafawa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. Hoton aiki dai bai zama abin yau da kullum ba a ƙasar nan, domin yana bukatar inji mai ƙarfin maganaɗisu, da wutar da ba ta yankewa, da ƙwararrun masu auna sakamako. Wata ƙidaya da likitoci suka buga a 2018 ta sami injin MRI 58 a duk Nijeriya, mafi yawansu masu ƙaramin ƙarfi. Yawancin fiɗar da a ke yi da hoton siffa a ke shirya ta, tare da gwajin likita da labarin ciwo. Fiɗa a farke kuwa an yi ta a Ibadan. Wannan ya sa labarin da majinyaci ya zo da shi daga gida ya fi daraja a nan bisa ga ƙasashen da injuna suka wadata.

Abin Da Ke Wuyan Hakimi Da Malaminsa

Na farko shi ne kada a ɓata lokaci. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna ya fi kilomita 100, daga Kuyallo ko Randagi ko Dogon Dawa kuma sai an fara fitowa bakin hanya. Dangi su kan ce a bari a gama girbi, ko a ƙara gwada wani magani, tun da an ce iska ce ko sammu. Addu'a da zuwa asibiti ba su hana juna. Amma hoton aiki da fiɗa a farke duka biyu sai da haɗin kan majinyaci su ke yiwuwa, wanda aka kawo bayan bakinsa ya rufe ko hankalinsa ya gushe ba ya iya taɓa yatsu ko kawo kalma, ƙofar wannan dabara ta rufe masa ke nan. A fara da babban asibitin Birnin Gwari, likita ya duba, ya ba da takardar turawa.

Sa'an nan malamin hakimi ya zauna da dangi ya rubuta takarda guda, a sarari, da kwanan wata. Ya rubuta abin da aka fara gani da watan da aka gan shi, da abin da ya biyo baya. In farfaɗiya ce, a tambayi wanda ya gani da idonsa daga ina fizgar ta fara, babban yatsan dama ne, ko gefen baki, ko ƙafa, domin wannan kaɗai na iya nuna wa likita unguwar da ƙarin ya ke, kamar yadda ya nuna wa Bennett a 1884.

Ya rubuta harshen majinyaci. Wannan magana ce babba a ƙasar da Hausawa da Gbagyi da Kamuku da Fulani ke zaune tare. Tun a 1978 George Ojemann da Harry Whitaker suka nuna cewa mai harshe biyu na iya samun wuraren da harshe ɗaya kaɗai ke amfani da su. Bafillacen da aka gwada da Hausa kawai, ana iya tsare masa Hausar kasuwa a taɓa masa Fillancin da ya ke magana da 'ya'yansa. Wanda kuma aka gwada da Turancin da bai ƙware a kai ba, hotonsa ba abin dogara ba ne. A rubuta harshen da ya tashi da shi, da waɗanda ya koya daga baya, da ko yana karatu, boko ko ajami. Cikin 'yan rakiya a sa wanda ke jin harshensa na gida yana kuma jin Hausa sosai.

Ya rubuta hannun da mutum ke aiki da shi, kuma a nan sai an yi bincike. Cikin masu amfani da dama, kamar 95 cikin 100 maganarsu a ɓangaren hagu ta ke. Cikin bahagwai kuwa kamar 70 ne, sauran a dama ko a duka biyu. A ƙasar Hausa ana hana yaro ci da karɓa da hagu tun yana ƙarami, har bahago ya girma kowa na zaton badame ne. Kada a tambayi hannun cin tuwo. A tambayi hannun da ya ke jifa da shi, da wanda ya ke riƙe lauje ko adda, in da hali a tambayi mahaifiyarsa ko yayarsa.

Ya rubuta duk wani ƙarfe da ke jikinsa. Maganaɗisun injin nan ba a kashe shi ko da dare, yana iya fizgo almakashi daga hannun mutum. Bayan shekarun da ƙasar nan ta sha, akwai mutane da dama masu yawo da harsashi ko ɓarɓashinsa a jiki, waɗansu ba su son a sani. Haka maƙera da masu walda da masu fasa dutse a ramukan zinariya, waɗanda tsinin ƙarfe ya taɓa shiga idonsu, da wanda aka sa wa ƙarfe a ƙashi ko na'urar bugun zuciya. Ba lalle ne wannan ya hana hoto ba, likita ke da hukunci, amma ɓoyewa na iya jawo makanta ko abin da ya fi ta. Hakimi ya fahimtar da su cewa tambayar ta lafiya ce, ba ta shari'a ba. Layu da guru da zobe da 'yan kunne duk a bar su wurin ɗan rakiya, mata kuma kada su sa kwalli ranar hoto. Mai juna biyu ta faɗa.

Game da kuɗi, hoto da fiɗa da zaman jinya nauyi ne da gida ɗaya ba safai ke iya ɗauka ba. Gara a tambayi asibiti adadin tun zuwan farko, dangi da mutanen gari su shirya kafin ranar aiki ta zo.

Bayan fiɗa a kan aika abin da aka ciro ɗakin gwaji don a san irinsa, daga nan a san ko za a ƙara da gashi ko da magani. Ba abin mamaki ba ne majinyaci ya dawo gida hannunsa da nauyi ko maganarsa na sarƙewa. Sau da yawa wannan kumburi ne, ya kan sauka cikin makonni ko 'yan watanni, musamman in ana motsa gaɓar ana kuma jan mutumin da hira. Maganin farfaɗiya da aka ba shi kada ya daina sai da izinin likita, ko da ya ji garau, kada kuma ya hau babur ko bishiya ko ya shiga ramin haƙa kafin a ba shi dama. Hotunan da aka ɗauka da faifansu da takardun asibiti a adana su cikin leda inda ruwa da gara ba su kai, domin da su za a gwada sabon hoto a gane ko ƙarin na dawowa. Malami ya shigar da ranar komawa asibiti cikin littafinsa, ya aika wa dagaci tuni mako guda kafin ranar.